Jujin da Welem Ya Shuka a Teku

Duk faɗin tekunan duniya babu ido irin na Welem Makagansa. Wannan ba zancen bakin kasuwa ba ne, a rubuce yake da shuɗin fenti a bangon ɗakin cin abinci na wani masaukin masu nutso a gaɓar Mashigin Lembeh, har da sa hannu. Wani Bature likitan haƙori ne ya rubuta bayan ya sha ya yi tatul, kuma daga baya aka ji cewa ruwa biyu kaɗai ya taɓa shiga a rayuwarsa, ɗayan ma tafki ne. Amma rubutu rubutu ne, duk shekara ana sabunta fentin. Abin da kawai ya canza shi ne mai idon ya daina iya karanta shi. In ya wuce, bango yake gani da wani dishi-dishi a tsakiya.

Aikin jagora a Lembeh aikin ido ne. Ƙasan mashigin baƙin yashi ne fayau kamar an share murhu, jiragen dakon kaya na wucewa ta sama, ƙarnin kamfanonin gwangwanin kifi na garin Bitung na bin iska. Duk da haka baƙi sukan yi kwana biyu a jirgin sama don su zo su goya tukunyar iska, su kwanta rub-da-ciki a kan wannan toka, su ɗauki hoton halittun da ba su kai farce ba. Su da kansu ba sa ganin komai. Baƙo yana iya dafa gwiwa a kan abin da ya baro ƙasarsu dominsa bai sani ba. Shi ya sa ake haɗa shi da jagora mai riƙe da tsinken ƙarfe. Jagora ya duba, ya ƙwanƙwasa tukunyarsa, ya nuna da tsinke. Baƙo ya matso da kyamara mai hannuwa kamar ƙaguwa, ya haska, ya koma gida ya ce shi ya gano.

Abin da suka fi mutuwa a kai shi ne dokin teku, ɗan kifin nan mai kan doki da tumbin attajiri, wanda ko iyo bai iya sosai ba, sai dai ya naɗa wutsiya a jikin wani abu ya tsaya yana kallon ƙasa kamar wanda aka yi wa rasuwa.

A wani ƙauyen masunta 'yan ƙabilar Sangir da ke tsibirin Lembeh aka haifi Welem. Tun gashin baki bai fito masa ba yake nutso da dogon tiyo a baki, wanda aka jona da injin hura tayar mota, yana tsinto manyan jatan lande don 'yan kasuwa. Wata rana wansa Dorus ya taso daga ƙasan ruwa da gaggawa, ya fito da ƙafafun da ba su sake amsa kira ba. Saboda haka da Turawa suka zo suna cigiyar wanda zai nuna musu irin abubuwan da masunta ke tsincewa daga raga su yar, kuma suka ce za su ba shi tukunyar iska ta gaske, Welem bai tsaya neman shawarar kowa ba.

A masaukin shi ya fara nuna wa baƙi ƙaramin dokin nan da bai fi ƙwayar shinkafa ba, mai zama a jikin murjani mai rassa, launinsu ɗaya, ƙurajensu ɗaya. Sunansa ya tafi ƙasashen da shi bai san ta inda ake bi a je ba. Ya auri Deitje, mai fiɗar kifi a kamfanin gwangwani, wadda ta gaya masa tun farko cewa ita kifin da ta sani shi ne wanda ake ci. Suka rufa ɗakinsu da kwano, suka aurar da 'yarsu zuwa birnin Manado. Matasan jagorori suka taso suna ce masa Om, wato kawu, suna ba shi wurin zama mai inuwa a cikin jirgi. Da labarin ya tsaya nan, da ya yi kyau a bango.

Idon bai tafi rana ɗaya ba, zamewa ya riƙa yi kamar baƙo mai kunyar sallama. Ranar da ya fara tsorata, ya ƙwanƙwasa tukunya ya nuna wa wani ɗan Japan abin da ya ɗauka wata halitta ce mai ɗigon ja. Mutumin ya daɗe a kwance yana ɗauka ta dama da ta hagu. Da suka hau jirgi ya buɗe hoton ya ƙara girmansa, sai ga guntun murfin man goge baki. Baƙon ya yi dariya har da buga cinya, ya ce jagoran nan akwai barkwanci. Welem ma ya yi dariya, don ba shi da abin da ya fi ta.

Deitje ta sayo masa tabarau a kasuwa. Ya ɓalle gilasan ya manna su a cikin madubin fuskarsa na nutso, ya gwada shi kaɗai ranar Lahadi. Na hagu ya faɗo tun bai kai ƙasa ba, na dama kuma ya ƙara wa hazon girma ne kawai. Ko da sun yi aiki ma, madubin nutso ba aljihu ba ne, kowa yana ganin abin da ke ciki, kuma jagora mai tabarau da wanzami mai rawar hannu duk layi ɗaya suke. A asibiti a Manado wata likita sa'ar 'yarsa ta haska masa fitila, ta ce yanar ido ce ta rufe ɗaya, ɗayan kuma tsakiyarsa ce ta lalace, wannan ba ya gyaruwa. Yanar ana iya cirewa in layi ya zo kansa, sannan ya yi wata da watanni bai shiga ruwa ba. Welem ya yi godiya ya fito. Ya san wanda ya rataye rigar nutsonsa tsawon haka, in ya dawo wani zai tarar a cikinta.

Wanin ma ya san shi. Frangky ne, jagora matashi mai faffaɗan ƙirji da ido kamar na shaho, wanda Welem da kansa ya koya wa riƙon tsinke.

"Om Welem," in ji shi wata safiya suna cikin jirgi, "wancan jirgin dakon, me aka rubuta a gindinsa? Ni yaro ne, ban iya karatu ba."

"An rubuta ka kama bakinka."

"Kai! Om, ido garau har yanzu! Daga nan ka hango?"

"Har da sunan babanka a ƙasa."

Matuƙin jirgi ya kwashe da dariya, baƙi suka taya shi ba tare da sun san abin da ake wa dariya ba.

Iya ruwa fid da kai. Kowane jagora a Lembeh ya san halittun baƙin yashi ba su da girman kai wajen zaɓen gida. Kifin nan mai hannu takwas yana son ƙoƙon kwakwa, yana son kwalba fiye da shi. Ƙananan kifaye suna kai ƙwai cikin gwangwani. Dokin teku kuwa, in ya sami tsohuwar igiya a filin da babu abin kamawa, ya sami gadon ubansa. Sauran jagorori sun ɗauki wannan a matsayin sa'a, in suka ci karo da shara sai su leƙa. Welem ya ɗauke shi a matsayin noma.

Akwai wani lungu bayan inda ake yasar da matattun jirage su yi tsatsa, wurin da ba mai nutso don ba komai. Duk Lahadi in an taso daga coci, yakan tuƙa ɗan kwale-kwalensa can da buhu. Ya kafa turaku ya ɗaura igiya mai ƙulli-ƙulli tsakaninsu. Ya binne kwalabe rabi-rabi, bakinsu na kallon inda ruwa ke fitowa. Ya ajiye tsohuwar taya nan, tukunya mai huda can, takalma, ƙoƙunan kwakwa, ɓallen kujerar roba. Kowane abu ya san inda ya ajiye shi da hannu da ƙafa, yadda mutum ya san hanyar bayan gidansa ba sai da fitila ba. Shekarar farko ba abin da ya zo sai gansakuka. Ta biyu labari ya bazu a ƙasan ruwa cewa an buɗe sabuwar unguwa, ba haya.

Saura matsala ɗaya. Ya san gidajen, amma bai san ko masu gidan suna ciki ba. Nan ma ya sami dabara. Baƙo in ya ga abu, numfashinsa yakan canza, kumfar da ke fita jefi-jefi daga bakinsa sai ta ɓalle kamar tukunya ta tafasa. Kumfa kuwa babba ce, fara ce, ko mai rabin ido yana ganinta. Saboda haka Welem yakan je daidai ƙulli, ya ƙwanƙwasa, ya nuna da tsinke da cikakken tabbaci, sannan ya zuba wa kumfar baƙo ido. In ta tafasa, ya gyaɗa kai kamar mai cewa ai na gaya maka. In ba ta tafasa ba, ya kaɗa hannu alamar ya gudu, kai ne ka yi nawa, su wuce kwalba ta gaba. In sun hau jirgi baƙi su yi ta ba shi labarin abin da ya nuna musu, launi da girma da komai, yana saurare yana cewa e, shi ne. Da haka yake jin su wa ke zaune a unguwarsa.

Sunansa ya sake tashi. Aka sa wa lungun Gonar Om Welem, ba tare da an san yadda sunan ya dace ba. A al'adar jagorori wurin da mutum ya gano nasa ne, ba mai kai baƙo can sai da shi. Ya yi wasu shekaru a haka, jagoran da ya fi kowa gani a mashigin, baƙinsa suna yi masa gani suna kuma gode masa.

Cikin masu gode masa babu kamar Madam Annegret, tsohuwar malamar makaranta daga Jamus, wadda take zuwa duk shekara kuma ba ta yarda da kowane jagora sai shi. Mace ce mai kirki, irin kirkin da ba ya hutawa. A zuwanta na ƙarshe Welem ya nuna mata wani wuri kusa da ƙarshen igiya, kumfarta ta tafasa har ta fi ƙima, sannan ta riƙa fita a guntule. Da suka fito ta cire madubi sai ga ido ya yi ja.

"Welem, ka gan shi? Dokin teku rawaya, da cikinsa ƙato, ya kusa haihuwa, ka san su namiji ne ke ɗaukar ciki. Kuma a jikin me? Silifa! Igiyar silifa ya riƙe!"

"E, Madam, shi ne."

"Yaya kake iya jurewa kullum kana ganin wannan?"

"Madam, shi dai bai kawo ƙara ba."

Ta dafa kafaɗarsa ta ce shi mutum ne mai haƙuri, amma ita ba za ta yi shiru ba. Ta cika alkawari. Hoton dokin da silifa ya zaga duniya, da sunan masaukin a ƙarƙashinsa.

Bayan kwanaki manajar masaukin, Ibu Meiske, wato Uwargida Meiske, ta aika a kira shi ofis. Mace ce 'yar Manado mai fara'a, wadda ba ta taɓa ba da mugun labari ba sai da shayi.

"Om, zauna. Sha shayi. Albishirinka."

Welem ya dubi kofin.

"Madam Annegret ta tara abokanta, mu ma za mu ba da jirage da buhuna. Ranar Asabar ta sama za a share maka Gonarka tas. Ta ce kyautarta ce gare ka, tukuicin shekarun da ka yi kana ɗawainiya da ita. Har riguna an buga."

"Ibu, sharar nan fa gidajensu ce."

"Na sani, Om, ni ma ba jiya aka haife ni ba. Amma ka ga hoton? Mutanen ƙaramar hukuma sun kira ni sau ba adadi. Wai mu muke kai baƙi juji muna kunyata gari. Kada ka damu, an yi doka, kowace kwalba sai an girgiza ta mai ciki ya fita kafin a sa a buhu."

"Ya fita ya je ina?"

"Haba Om, teku ce fa. Ta yi musu kaɗan?" Ta yi murmushi ta tura masa farantin biskit. "Kuma in wani ne sai in damu. Kai da idonka, ko rami suka shiga ai za ka zaƙulo su."

Ya ci biskit ɗin, tunda an riga an miƙo.

A bakin gaɓa ya tarar da Frangky yana wanke kayan nutso. Matashin bai ɗago kai ba ya ce, "Om, ni fa ruwan Gonarka yana ba ni mamaki. Ban taɓa ganin ambaliyar da ke jera kwalabe sahu-sahu kamar kujerun coci ba."

"Ruwan wajen mai tarbiyya ne."

"Ƙwarai kuwa. Har ƙulli ya iya, irin na mutanen Sangir. Irin wanda ka koya mini."

Welem ya tsaya. "To, je ka faɗa mata mana. Ga ofis can a buɗe."

"Ni? Allah ya kiyaye. Kai ka koya mini aiki, Om, ba za a ji mutuwar sarki a bakina ba." Ya matse rigar ya shanya. "Ba sai na faɗa ba ma."

Bai faɗi haka da mugunta ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

Da la'asar a gida Deitje tana soya ayaba, ta daka yajin da za a dangwala. Ta saurare shi har ƙarshe tana juya mai.

"To ka koma ka ce naka ne, kai ka zuba."

"In ce ni nake zuba shara a teku shekara da shekaru, ga hukuma ta sa ido? Ibu ta ce don me, in ce don ba na gani?"

"To ranar ka tashi da ciwon ciki."

"Su tafi da Frangky. Ya san hanya."

"Ka riga su, ka kwashe kayanka ka kai wani lungun."

"Tashin unguwa tashin unguwa ne, Deitje, ko wa ya zo da buhun. Kin san shekarun da na yi kafin na farko ya yarda ya tare?"

Ta kwashe ayabar ta ajiye a gabansa. Sannan ta tsaya da matsami a hannu. "Tsaya. Silifar nan, koriya ce? Mai ɗinki a igiya?"

Ya ɗauki ayaba ya dangwala a yaji.

"Welem Makagansa! Na zagi karen maƙwabta, na daina gaisawa da matar maƙwabcinmu Yance wata guda a kan silifar nan! Ashe ɓarawon yana cin tuwona. To madalla. Silifata ta zaga duniya, ni mai ita ko jirgin sama ban taɓa leƙawa ba."

Ta yi dariya har ta share ido da gefen zane, ta kuma ci gaba da sharewa bayan dariyar ta ƙare. Suka ci ayabarsu. Yajin ya yi yawa.

Asabar ta zo da rana mai kyau, kamar yadda ranakun irin wannan suka saba. Aka raba fararen riguna masu hoton dokin teku yana murmushi, abin da ba a taɓa ganin dokin teku ya yi ba. Wani jami'i ya yi jawabi a kan gadon da za mu bar wa jikokinmu, ya jefar da guntun sigarinsa a ruwa, aka tafa. Madam Annegret ta rungume Welem ta ce yau ranarsa ce. Aka ce shi zai shige gaba, tunda wurinsa ne.

A ƙasa baƙi suka watsu suna dube-dube, wannan ya tsinci leda ya ɗaga kamar tuta, wancan ya tayar da yashi ya rufe wa na baya ido. Welem ya yi niyyar ya yi sanyin jiki, ya bar musu su nema da kansu, wataƙila wani abu ya tsira. Sai ya ga ƙatuwar inuwar wani baƙo yana jan igiya da ƙarfi kamar mai jan akuya, turakun suna tumɓukewa. Ya matsa ya karɓe ta. In dai sai an rushe, gara mai ginin ya rushe. Ya bi layi, hannunsa yana zuwa daidai kan kowace kwalba ba lalube. Ya kifa ta a hankali, ya jira, wani abu ya fita da gudu ya bar ɗan hayaƙin yashi, ya sa a buhu. Taya, tukunya, kujera. Buhunsa ya cika aka miƙo wani, ya cika aka miƙo wani. Baƙi suka daina nema, suka bi bayansa kawai suna riƙe masa bakin buhu, kumfarsu tana tafasa don sha'awa.

A ƙarshen igiya ya kwance ƙullin da ya riƙe silifar, ya girgiza ta kamar yadda doka ta ce. Sai ya ji wani abu mai kaushi ya naɗe masa ƙaramin yatsa. Ya ɗago hannun har gaban madubinsa. Wani rawaya-rawaya ne cikin hazo, ba kai ba ƙafa, amma riƙon ya ji shi sarai, riƙo mai ƙarfi fiye da yadda ya zata. Rabonsa da ya sami doki da kansa, ba a bakin baƙo ba, har ya manta.

Ya juya yana neman inda zai sauke shi. Babu. An yi aiki mai kyau, baƙin yashi ne shimfiɗe ko'ina kamar ranar da aka halicce shi. Iskar tukunyarsa kuma ta yi ƙasa. Ya zaro tsinkensa na ƙarfe, wanda ya fi Frangky daɗewa a aikin, ya soka shi a yashi ya tsaya ƙyam. Ya kai yatsan kusa, ya lallaɓa wutsiyar har ta saki nama ta kama ƙarfe. Ya ɗan tsaya, sannan ya ja buhunsa ya yi sama.

Yana zaune a jirgi yana cire takalman iyo, Madam Annegret ta hau tsani tana haki, ita ce ta ƙarshe. Ta lalubi aljihun rigarta da murna.

"Welem! Ka yar da wannan! Sa'a ka yi ina bayanka ina duba abin da aka manta." Ta miƙa masa tsinken. "Kada ka damu, na girgiza shi sosai."

"Na gode, Madam."

"Ka ga amfanin tafiya da tsohuwa?"

"Na gani, Madam."

Frangky ya juya yana kallon tsibiri, kamar yau ya fara ganinsa.

Da aka tara buhuna a gaɓa, na Welem ya fi na kowa nesa ba kusa ba. Jami'in ya ba shi hula mai tambari, aka ce wannan ido ko a shara ba shi da na biyu. Aka kafa allo a bakin lungun mai gargaɗin hukunci ga duk wanda aka kama yana zuba shara, aka ɗora wa masu gadin matattun jirage alhakin sa ido.

Ranar Litinin Welem ya sauka da baƙi biyu a Gonar. Ya je inda ƙulli na farko yake a da, ya ƙwanƙwasa, ya nuna. Kumfa jefi-jefi. Ya kaɗa hannu alamar ya gudu. Ya matsa gaba ya nuna, ya sake kaɗa hannu. Haka suka yi ta yi har iska ta ƙare, komai ya gudu, baƙin duk sun yi nawa. Ya gwada wasu wuraren, inda dole sai da ido. Wata rana ya nuna ganye. Wata rana ya wuce ta kan wani doki babba da baƙon da kansa ya gani, ya ja shi ta ƙafa ya nuna masa. A ɗakin cin abinci baƙi suka fara tambaya a hankali, cikin ladabi, ko Frangky yana da wuri gobe.

Kafin wata ya ƙare Ibu Meiske ta aika a kira shi. Tun daga ƙofa ya ji ƙamshin shayi.

"Om, ka yi wa ruwan nan bauta, ya isa haka. Muna son babban mutum a ɗakin iska, wanda zai kula da injin cika tukwane. Rayukan mutane ne fa a hannunsa, ba a ba yaro."

"Akwai allura da ake dubawa a jikin injin, Ibu. Da lambobi."

"Yana tsayawa da kansa in ta cika, Om." Ta gyara kofin a kan faranti ba ta dube shi ba. "Ba sai an duba komai ba."

A can yake yanzu, bayan kicin, cikin rugugin inji, da auduga a kunne. Yana ɗaga tukunya ya jona, in injin ya yi tsaki ya cire ya jona wata. Wani lokaci sabon baƙo yakan karanta rubutun bango ya ce yana son ganin mutumin, a rako shi. Welem ya fito yana goge hannu, a ɗauki hoto, ya kalli wajen da yake jin muryar. Layin asibiti bai zo kansa ba tukuna. Deitje ta ce in ya zo za su je, ko don ya riƙa ganin abin da yake ci.

Buhunan kuwa an jera su a bakin gaɓa ranar Asabar ɗin, aka ɗauki hoto, aka bar su suna jiran motar shara daga gari. Motar ba ta zo ba. Ruwan sama na farko mai ƙarfi ya kwashe su ya zuba a tsakiyar mashigin, kan hanyar manyan jirage, inda aka hana nutso.